Dodon da na kashe wa Baba

Lahadi da dare, Kado.

Yau na yi wa Baba ƙarya. Tunda idonsa ya tafi, ni nake faɗa masa abin da ake nunawa a talabijin. Da la'asar na kunna fim ɗin Faransawan nan na dodon da ke cinye makiyaya. Fim ɗin ya yi, sai dai faɗa ya yi yawa, tambayar Baba kuma ba ta ƙarewa. Na gaji na ce, "Baba, an kashe dodon, fim ya ƙare." Na rage sauti na ci gaba da kallona.

Da zan raka shi alwalar magariba ya ce, "Hadiza, dodon naki ya mutu amma bai daina gurnani ba."

Tuwona yana nan a rufe.