Ajiyar da Ta Zama Shela

Zuwa ga ƙanwata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya ciwon gwiwar nan? Allah ya ƙara sauƙi.

Manhajar waƙoƙin da kika saka mini a waya ta ja mini magana. Kin ce in na ji abin da nake so in danna "ajiye". Ni a sanina ajiya amana ce, a ƙasan akwati take kwana. Ashe a wurinsu ajiya shela ce. Duk mai bin shafina yana ganin abin da na ajiye, har da sau nawa na saurara. Da wayar ta ce mutum ashirin suna bi na, cewa na yi Allah ya sa alheri ne. Ashe matan ajina ne na karatun Asabar.

Kin tuna waƙar da marigayi baban yara yake rerawa in yana wanke motar haya, da muryar nan tasa kamar ƙarar ƙofar shagona? Ita na samu. Ina taka keken ɗinki tana yi, sai in ji kamar yana tsakar gida da bokitinsa. Sau tamanin da uku, in ji wayar.

Jiya shugabar makarantar ta kira ni ofis. Ta ce mai koyar da tajwidi ba ta dace da waƙar soyayya ba. Ko in goge ta in gaya wa mata wani ne ya taɓa mini waya, ko in bar ajin. Na ce mata waƙar na bi ta kalma kalma ban ga batsa ba, ƙaryar kuwa ba sai na duba ba. Shekara goma sha ɗaya ina ajin nan, kuma ina son sa. Amma ba zan zauna a kansa da ƙarya ba.

Ki gai da kowa.

Yayarki,
Mai Keke

Zuwa ga ƙanwata,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya gwiwa? Na ga amsarki, na gode.

Dabarar ɓoye shafin da kika rubuto mini na gane ta, amma ban yi ba. Abin da ban ɓoye wa Allah ba, ban ga dalilin ɓoye wa matan Asabar ba. Na miƙa makullin aji. Na yi kuka a hanya, ba zan musa ba. Yanzu mata shida suna zuwa shago, suna zama tsakanin ƙyallaye muna gyara karatu.

Sai shekaranjiya na ga sunan shugabarmu a shafin waƙar. Ta ajiye ta, ta saurara sau tara. Ina jin ta je duba laifina ne waƙar ta kama ta. Ita ma a zatonta ajiya amana ce.

Na yafa mayafi na same ta ita kaɗai. Ban ce mata komai a kan aji ba. Na buɗe wasiƙarki, na nuna mata dabararki, ta ɓoye nata. Sai ta tambaye ni ko in ɓoye nawa, a wuce wurin.

Na ce a'a. Nawa ya kai sau ɗari da biyu.

Ki shafa mini kan yara.

Yayarki,
Mai Keke