Shaida na Biyu a kan Rugar Inna Bilki

Sabon Birni,
Lahadi, 12 ga Zulƙida.

Zuwa ga ɗiyata Larai,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta iske ki cikin ƙoshin lafiya, ke da yara da mutanen gidan da suka riƙe ku a Shagamu. Allah Ya jiƙan mijinki Is'haƙa, Ya haskaka kabarinsa, Ya ƙara maki haƙuri. Ni ma nan alhamdu lillahi, sai abin da ba a rasa ba. Ƙafafu sun yi nauyi, idon hagu ya kusa rufewa, hannu kuma ga shi kina gani, layin rubutu na hawa yana gangarowa kamar turbar jaki. Kwana uku na yi ina rubuta ta, kullum da hantsi in haske ya shigo ɗaki. Usmanu direban motar goro ne za ya kawo maki, na roƙe shi ya ba ki hannu da hannu.

Gwaggonki Maijidda ta koma Isa wurin ɗanta tun bayan azumi, don haka ni kaɗai nake a ɗakin nan na bayan masallaci da aka ara mana. Maƙwabta na aiko da tuwo, Allah Ya saka masu. Ƙanwarki Hadiyya ta sauka lafiya, an sami namiji, an sa mashi Mus'ab. Ƙanenki Nasiruddeen na Sakkwato, yana kira ranar Juma'a in ya tuna. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas, amma ba wanda ke gyaran kalme, don babu mai iya zuwa gona ta wajenmu. Damina ta huɗu ke nan gonarmu ta Tungar Kanya za ta sha ruwa ba iri a cikinta.

Larai, mako uku ke nan ba ki ɗauki wayata ba. Na san ba lalacewa ta yi ba, kuma na san abin da ɗanki Faruk da ke nan garin ya gaya maki, cewa kakansa ya tsaya gaban jama'a ya goyi bayan waɗanda suka kashe ubansa. Ban ga laifinki ba. Da ni aka kawo ma wannan magana haka, ni ma da na kife wayar. Amma ki bari in ba ki labarin daga tushe, in kin gama sai ki yanke abin da kika ga dama.

Kin san ɗakin karatu na jama'a, wanda ke kusa da tsohuwar tashar mota. Bara aka kawo wata ma'aikaciya, Malama Sadiƙa, ta share shi, ta kakkaɓe littattafan da gara ta rage, ta buɗe wani zama duk Asabar da hantsi da ta kira Zauren Ɗan Ƙasa. Ana karanta mana sassan tsarin mulki da Hausa, a tattauna mene ne haƙƙin mutum a kan ƙasarsa, mene ne haƙƙinta a kansa, yadda ake rubuta koke, yadda wanda ya yi gudun hijira za ya nemi katin zaɓensa da ya ƙone. Yawancinmu mutanen ƙauyukan da aka tasa ne. Ba za ni ɓoye maki ba, tun rasuwar mahaifiyarki ban sami abin da nake ɗokin wayewar gari dominsa ba sai wannan zama. Tun daren Juma'a nake ajiye rigata da sandata. Da Malama ta ji na yi elementare a Isa, kuma na yi aikin malamin gona shekara talatin, sai ta riƙa ba ni karatu in yi ma mutane. Tsoho da aka manta da shi sai ga shi ana cewa a yi shiru Malam Attahiru za ya yi magana.

Bayan ƙaramar salla ta zo da wata shawara. Ta sayo farin ƙyalle, ta kafa a bango, ta ce kowane ƙauye ya zana taswirarsa: gidaje, rijiyoyi, gonaki, makaranta, inda ake ajiye akwatin zaɓe. Za a haɗa da takardar koke a kai sakatariyar ƙaramar hukuma, don ranar da Allah Ya kawo komawa kowa ya san wurinsa, kuma kada a shafe sunan garin daga lissafi don ba kowa a cikinsa. Doka ɗaya ta kafa, muka amince baki ɗaya: ba abin da za ya hau ƙyallen sai mutum biyu 'yan garin sun shaida cewa yana nan. Ta ce haka ƙasa take tsayuwa, ba da faɗar mutum ɗaya ba.

Da kin ga mutanen Tungar Kanya a makonnin nan, da kin yi kuka da dariya tare. Tsofaffi na gardama a kan ko maƙera tana gabas da masallaci ko kudu, wata na rantsuwa ɗakinta ya fi yadda aka zana shi girma, wani na cewa a sa mashi rumbunsa ko da digo ne. Faruk ke riƙe da alƙalami don hannunsa ya fi namu tsayawa, yana tsokanata kamar yadda ya saba, wai tsohon banza ya rasa mata ya auri taswira, ni kuma ina ce mashi ai gara ni, shi ko taswirar ba ta kula shi ba. Muka sa kanyar bakin gari, muka sa maƙabarta, muka sa gidanki da darbejiyar da Is'haƙa ya dasa. Da muka iso arewa da fadama, sai na ce a ja burtali, don ni da hannuna na kafa duwatsunsa lokacin ina aiki. Aka ja. Sai na ce a gefensa a sa rugar Maliki da matarsa Inna Bilki, bukka bakwai. Faruk ya ɗan tsaya, ya dube ni, amma ya zana. Malama ta tambaya, kamar yadda take yi a kowane abu, wane ne shaida na biyu.

Larai, mutum ya fi arba'in a ɗakin, ba wanda ya ɗaga hannu. Akwai wanda shanun Maliki suka yi shekara ashirin suna kwana a gonarsa bayan girbi suna zuba mashi taki. Akwai matan da ba su san furar da ba nonon rugar nan a cikinta ba. Kowa ya sunkuyar da kai. Sai wani ya ce in aka sa su a takardar hukuma, an ba su haƙƙin dawowa ke nan. Wani ya ce wake ɗaya ke ɓata gari, kuma kowa ya ji cewa jikan Maliki ya shiga daji ya ɗauki bindiga. Na ce ni ma na ji, ban gani ba, ba kuma za ni rantse ba haka ba ne. Na ce amma ba a tambaye mu wane ne mutumin kirki ba, an tambaye mu me ke wurin. Na tuna masu cewa rugar ma ƙone ta aka yi, mako biyu bayan an tashe mu, kuma ba 'yan daji suka ƙone ta ba, mun san haka. Nan ɗaki ya rikice. Sai Faruk ya tashi. Ya tsoma tsumma a baƙin fentin da muke jan hanyoyi da shi, ya shafe bukkokin bakwai, ya ajiye tsumman a hankali, ya fita. Wallahi ban ji haushinsa ba. Shi ya ɗauko ubansa daga gona a kan amalanke.

Tun ranar zaman ya mutu. Asabar da ta biyo mutum shida suka zo, ta bayanta ni da Malama kaɗai. Ina zuwa har yau, in zauna a bencin gaba in dubi ƙyallen. Bukkokin da aka zana duka ba su kai tafin hannu ba, amma tabon ya kai faifai, ya huda har baya, duk wanda ya leƙo shi yake fara gani ya tambaya me ke nan. Abin da ya fi ci mani rai shi ne Faruk. Yana zuwa gaishe ni, bai fasa ba. Sai dai yanzu durƙusawa yake a bakin ƙofa, ya ce Baba ina kwana, ina gajiya, ya tashi. Ba tsohon banza, ba satar goro daga aljihuna. Ban taɓa sanin ladabi na iya zama bulala ba sai a kan jikana.

Yanzu ga abin da ban faɗa a zauren ba, don ba nasu ba ne, naki ne. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. An haife ki a shekarar babban fari, lokacin da shanu ke faɗuwa a kan hanya mutane na tonon gidan tururuwa. Mahaifiyarki Halimat ta kwanta ciwo bayan suna, nono ya ɗauke ƙaf. Muka gwada kunu, muka gwada na akuya, ba abin da ya zauna maki. Kwana tara kina kuka, har kukan ya daina fita. Inna Bilki ta shigo da ƙwaryarta, ta ga halin da ake ciki, ba ta tambayi kowa ba ta sauke ɗanta Amiru daga baya ta ɗauke ki ta ba ki nono. A shekarar shanunsu huɗu suka rage cikin sittin, ita kanta ƙashin wuyanta a waje yake. Wata bakwai tana zuwa sau biyu a rana, ta keto fadama da ƙafa. Na kai mata gero ta mayar, ta ce ba a sayar da wannan. Da mahaifiyarki ta warke sai kunya ta kama ta, tana tsoron gorin mata, ta roƙe ni kada a gaya maki. Na yi alkawari, Inna Bilki ma ta yi, muka riƙe. Na daɗe da sanin kuskure ne, don a shari'a uwarki ce, Amiru ɗan'uwanki ne, haƙƙinki ne ki sani. Allah Ya yafe mana mu ukun. Kina tuna kina yarinya kina tambayata me ya sa take ƙara maki man shanu a kan na kowa, me ya sa ranar aurenki ta zauna bayan ɗaki tana kuka kamar ita ta haife ki? Na ce maki halin Fulani ne. Ba halin Fulani ba ne, ɗiyata, halin uwa ne.

Ban san inda take ba. Wasu sun ce sun tsallaka Nijar ta wajen Maraɗi, wani mai kai kaya can ya ce ya ji tsohuwar ta rasu a hanya. In ta rasu ban san kabarinta ba, ban san ko ta sami masu salla ba. A ɗakin karatun nan na karanta ma mutane da bakina cewa duk wanda aka haifa a ƙasar nan ɗan ƙasa ne, suka gyaɗa kai. Ashe gyaɗa kai ga takarda ba wuya, wuyar a ga maƙwabci a cikinta. Matar da aka haifa a gefen burtalin nan, ta tsufa a wurin, yau ba ta da ko digo a doron ƙasa sai ƙarƙashin baƙin fenti.

Malama Sadiƙa ta ce za a kai ƙyallen mako biyu bayan babbar salla. Ta ce ba za ta karya dokar da muka kafa don ni ba, na ce da ta karya da na raina ta. Amma ta ce in an sami mutum ɗaya ɗan Tungar Kanya, ko yana nesa, da za ya rubuto da hannunsa cewa rugar tana nan, za ta ɗinka farin ƙyalle a kan tabon a sake zanawa. Na bi mutum goma sha ɗaya gida gida da sandata. Kowa ya ba ni ruwa, ya raka ni bakin ƙofa.

Saura ke. Ban ce ki yafe ma kowa ba, jinin Is'haƙa ba nawa ba ne balle in roƙa, Allah Ya bi mashi haƙƙinsa a kan ko wane ne. Ban kuma gaya maki maganar nono don in ɗaure ki ba, na gaya maki ne don ban san ko za ni ga wata damina ba, kuma ba na son in tafi da ita. Tambaya ɗaya ce, irin wadda aka yi mana: arewa da fadama, gefen burtali, akwai ruga ko babu? Ke kika sha zuwa da ƙwarya, kin san hanyar fiye da ni. In kin ga ba za ki iya ba, ba za ni riƙe ki a zuci ba, za a kai ƙyallen da tabonsa. Sai dai ki ɗauki waya, ko faɗa za ki yi mani in ji muryarki. Kuma kada ki tsawata ma Faruk, ciwo ke gare shi.

Ki gaishe mani da Alhaji Ubaidullahi mai masaukinku da iyalinsa, ki ce ina godiya da riƙon zumunci. Ki gaishe da jikata ƙaramar Halimat, ki ce angonta na nan bai mutu ba tukuna, kada ta yi saurin sake miji. Gwaggonki Maijidda da Hadiyya suna gaishe ki. Usmanu za ya juyo da motar ranar Alhamis ta sama. Na bar maki ƙasan takardar nan fari, ban rubuta komai ba. In kin cika, ki yage ki ba shi. In kuma ya dawo hannu sake, za ni gane, kuma Asabar za ni tafi in zauna a bencina kamar kullum.

Wassalam. Ni ne mahaifinki mai yi maki addu'a,
Attahiru, tsohon malamin gona, na Tungar Kanya.