Rasuwar Malama Sittana, Wadda Ta Kai Karatu Tsakar Gida

Cikin alhini da nauyin zuciya, Ƙungiyar Hasken Gida ta Yaƙi da Jahilci, Omdurman, a madadin Shugabanta Alhaji Habibu Mainasara da dattawan kwamiti, ta samu labarin rasuwar Hajiya Malama Sittana Haliru, wadda Allah Ya yi wa cikawa ranar Talata bayan gajeriyar jinya. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma.

Marigayiya 'yar masu tsinkar auduga ce a yankin Jazira, ba ta riƙe alƙalami ba sai da ta haifi 'ya'ya uku, kuma shekara goma sha ɗaya ta yi tana koyarwa a ƙarƙashin wannan ƙungiya. Dokarmu ita ce a yi karatu a zaurenmu, mata da safe, maza da yamma, ban da yara. Ita kuwa ta ce macen da ke da tuwo a kan wuta ba za ta tsallaka kogi don harafi ba. Sai ta riƙa shiga mota zuwa unguwannin Mayo da Kalakla a tsallaken kogin, ta isa gida daidai lokacin da ake dafa gahawa a butar ƙasa da ake kira jabana, ta zaunar da uwa da uba da 'ya'ya a tabarma ɗaya, ta rubuta musu haruffa da gawayi a jikin ƙyauren kwano.

Gidaje arba'in suka ci moriyar wannan aiki. Maƙeran unguwar Alshajara sun daina dangwala yatsa a takardar da ba su san abin da ke cikinta ba. Uwaye suna buɗe littafin yaro su gane ranar da ya gudu daga makaranta. Gogo Kande ta Mayo, wadda muka ƙi ɗauka don mun ce ta tsufa, yau ita ke karanta wa jikokinta rubutun jikin kwalbar magani.

Duk da haka, bara muka dakatar da Malama saboda karya doka, kuma ni mai wannan sanarwa ni na sa hannu a waccan takarda. Ita kuwa ta ci gaba da shiga motarta. Watan jiya kwamiti ya yarda cewa mu ne muka yi kuskure, amma muka ce ba a ba babba haƙuri da takarda, sai dattawa sun taru sun taka har gidanta bayan Babbar Sallah. Yau wannan ya yi tafiya, gobe wancan ba lafiya, har ajali ya riga mu. Muna jin kunya, kuma ba mu da wanda za mu ɗora wa laifi.

Muna miƙa ta'aziyya ga maigidanta Malam Ishaku, da 'ya'yanta, da ɗalibanta na gidajen nan arba'in. Allah Ya jiƙanta, Ya sa Aljanna makomarta, Ya ba iyalinta juriyar wannan babban rashi. Muna roƙon iyalin su karɓi haƙurin da ba mu kai mata ba.

An soke waccan doka, daga ranar Asabar malamanmu za su bi gidaje kamar yadda ta yi. Mun kuma roƙi Gogo Kande ta karanta wannan takarda a wurin zaman makoki, ta amsa, da sharaɗin mu zauna a tabarma mu saurara.

Ilyasu Ado
Kakakin Ƙungiyar Hasken Gida, Omdurman