Akushin Mahaifina Ba Na Tsafi Ba Ne

Zuwa ga mai shagon sayar da kayan mutanen da a intanet, wanda wakilansa suka zo ƙauyenmu kusa da Watari.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da kasuwa. Alhaji, ni ban san fuskarka ba, amma kai ka san tawa, tunda tana kafe a shagonka. Sau biyu na aika maka saƙo, shiru, shi ya sa na rubuto inda jama'a za su gani.

Na ɗaya. Bara, bayan an yanke gero, mutanenka biyu suka zo neman tsofaffin akusa da tasoshi. Na fito musu da akushin mahaifina, Malam Ilu, Allah ya jiƙansa. Ban ce ƙwata suka yi ba. Da hannuna na miƙa, suka biya. Suka tambayi sunan mai shi, na faɗa. Suka ce in riƙe su ɗauki hoto, har hula na gyara.

Na biyu. Ran Juma'ar nan, da aka sauko daga masallaci, mijin 'yata, malamin makaranta ne, ya ja ni gefe ya nuna mini waya. Ga ni, ga akushi, ga sunan mahaifina. Ya fassara mini Turancin da ke ƙasa, kansa a sunkuye. Wai kwanon tsafi ne na wani boka. Wai baƙin jikinsa jinin yanka ne. Wai tsaga ukun da ke bakinsa alamar iskokin da yake bauta wa ce.

Na uku. To, bari in ba ka labarin yadda yake, kyauta. Baƙin nan masassaƙi ne ya ƙona itacen tun ran da ya sassaƙa shi, sauran kuma aikin miyar kuka ne da man shanu. Abin da aka taɓa kashewa a cikin akushin nan, yunwa ce. Tsagar kuwa Innarmu ce ta yi ta da wuƙar yankan kuɓewa. A zamaninsu magidanta ciyayya suke yi a ƙofar gida, kowane gida ya fito da tuwonsa, akusa jere duk baƙaƙe, in an tashi a yi ta musanya. Sai mata suka yi shawara: gidan Sarkin Noma tsaga ɗaya, gidan wanzami biyu, namu uku. Iskokin naka ke nan.

Na huɗu, shi ne ya sa ni ɗaukar alƙalami. Malam Ilu ya tsufa yana jan salla a unguwarmu, shi ya koya wa rabin garin nan Fatiha. Yanzu hoton ya zaga wayoyi. Shekaranjiya a gonar rani wani ya kira ni ɗan boka. Da wasa ya faɗa, aka yi dariya, ni ma na yi. Da na koma gida aka kawo tuwo, na kasa ci. Mu da muka san shi mun kusa ƙarewa. Masu tasowa kuwa ba ni za su tambaya ba, waya za su tambaya.

An ce mini irin wannan labarin ne ke sa masu saye su ƙara kuɗi. Ban hana ka riba ba. Amma akushi na sayar maka, sunan ubana bai shiga cinikin ba.

Roƙona: ka goge rubutun nan, ka cire hotona, ka rubuta a wurin cewa kuskure aka yi, da Hausa, yadda mutanenmu za su karanta. In kuwa ba ya sayuwa sai da ƙarya, ka dawo da shi, in mayar maka da abinka. Har yanzu muna tuƙa tuwo a gidan nan.

Allah ya sa albarka a kasuwarka, ya jiƙan magabatanka, ya tsare sunansu daga bakin wanda bai san su ba.

Wassalam.

Sule, ɗan Malam Ilu, gidan tsaga uku.