Akuyar da Zethu Ke Jira a Taga

Mam' Shezi, don Allah ki taimake ni da shawara kafin Asabar ta sama, domin na kasa faɗa wa kowa a gida.

Shekarata goma sha shida, ina wata makarantar 'yan mata a nan Durban. Duk shekara makarantarmu kan shiga taron tara gudunmawa ga sashen yara na wani asibiti, kuma na bana ranar Asabar ɗin ne. Ɗalibai goma ke sauka da igiya daga rufin ginin, hawa tara, mutane kuma su ba da abin da suka yi niyya da sunan wadda ta sauka. Kowace ɗaliba ana haɗa ta da yaro ɗaya mara lafiya. Yaron ke zaɓa mata shigar da za ta yi, kuma idan ta iso daidai tagar ɗakinsu a hawa na biyar sai ta tsaya ta ƙwanƙwasa masa gilashi.

Har yau ban san abin da ya sa na ɗaga hannu ba. Ni ce wadda ko tambaya ba ta yi a aji. Sai da malamarmu, Mis Naicker, ta tambaye ni ko biro nake neman aro.

An haɗa ni da wata yarinya 'yar shekara bakwai, Zethu, wadda ake yi wa wankin ƙoda sau uku a mako. Sauran yaran sun zaɓi zaki, da gimbiya, da malam-buɗe-littafi. Ita ta ce akuya, saboda kakanta yana da garke a Msinga kuma wata takwas ke nan ba ta gan su ba. Ta ce akuya ba ta faɗowa daga dutse. Kakata, Gogo, ta ɗinka mini kayan da tsohon bargo, da ƙahon kwali, da fuska mai rufe kai gaba ɗaya. Ina zuwa wurin Zethu duk Laraba. Ita ke magana, ni ina saurare. Sisi Akuya take ce mini, wato Yaya Akuya.

Asabar da ta wuce aka yi gwaji a bangon babban ɗakin taron makaranta, hawa biyu kacal. Mai kula da igiyar, Bhuti Sibonelo, ya ɗaura mini ɗamara, ya ce in juya wa ƙasa baya in jingina da iska. A nan ƙafafuna suka ƙi. Ya ce igiyar nan za ta ɗauki motar haya da fasinjojinta da kwandasta. Na yarda da shi, amma ban motsa ba. Minti goma sha ɗaya na yi a bakin rufin, sannan na sauka ta matakala. Yanzu in na wuce 'yan ajinmu kukan akuya suke yi, suna cewa wannan akuyar birni ce, sai da lif, na'urar hawa bene.

Ƙawata Nomvelo ta kawo wata dabara. Ba ta cikin mu goman, don sunanta ya zo a makare, amma an bar ta ta gwada kuma ta sauka sau biyu tana dariya. Tsayinmu ɗaya. Ta ce in an gama kiran suna a ƙasa mu shiga banɗaki ta saka kayan, ta sauka a madadina, ta ƙwanƙwasa tagar, mu sake musanyawa. Zethu za ta ga akuyarta, asibiti zai samu gudunmawarsa, Gogo za ta yi guɗa. Na auna, ban ga wanda aka cuta ba. Amma Larabar nan Zethu ta ce ta roƙi nas a mayar da wankinta na ranar saukar zuwa yamma don kada ta rasa ni, kuma tun daga lokacin abinci ba ya wuce mini. Shin ƙarya ce, in kowa ya samu abin da yake so?

Mai Tsoron Tsayi, Umlazi, Durban

*

'Yata,

Jin tsoro a bakin rufi ba abin kunya ba ne. Jikinki aikinsa yake yi. Nomvelo ma ƙawar kirki ce, kuma na ga abin da ya sa dabararta ta shiga ranki: tana kare yarinyar daga ɓacin rai, tana kare ki daga bakin 'yan aji. Duk da haka, kada ki yarda.

Masu igiya ba da fuskar akuya suke aiki ba. Sunanki ne a takardarsu, da nauyinki, da sa hannun Gogo. Yarinyar da iyayenta ba su sa hannu ba ba ta da hurumin rataya a hawa na tara, ko da sau nawa ta sauka tana dariya.

Sannan ki tuna wace ce Zethu. Yaron da ya yi wata takwas a asibiti ya ƙoshi da manyan da ke ce masa allura ba zafi. Ko ba ta gane ba a ranar, ran Laraba za ta tambaye ki yadda sama take, ki ƙirƙiro, ta sake tambaya, ki ƙara. Ke da kika saba zama ki saurare ta da zuciya ɗaya, za ki koma zama kina tsaron bakinki.

Ranar Litinin ki je wurin Mis Naicker ki roƙi gwaji na biyu, ba 'yan kallo. Ki tambayi Bhuti Sibonelo ko wani cikin masu igiyar zai iya sauka a igiyar da ke gefenki. Da yawan mutane takun farko ne ke kayar da su, ba tsayin ba. Ranar Laraba kuma ki faɗa wa Zethu kin gwada kin kasa. Ta fi ki sanin tsoro, ki tambaye ta yadda take yi idan an zo da allura.

In ƙafafun sun sake ƙi, shi ke nan. A rubuta Nomvelo da sunanta, iyayenta su sa hannu, ki sanar da Gogo da waɗanda suka ba da gudunmawa dominki. Ke kuma ki shiga ɗakin ki zauna kusa da Zethu, ku kalli tagar tare. Za ta iya yin fushi, ki bar ta ta yi. Fushin yaro da wanda ya faɗa masa gaskiya ba ya daɗewa.

Ki ci abinci. Allah ya ba Zethu lafiya, ya sauko da ke lafiya, ta igiya ko ta matakala.

Mam' Shezi