Shingen da Na Sa wa Injin Baba

Laraba, 6 ga Nuwamba, 2024

Yau a asibitinmu na Shagari an kawo wani mutum daga Dandin Mahe. Bel ɗin injin niƙa ya kama hannun rigarsa, ya ja hannun ya haɗa. Na ɗaure abin da zan iya ɗaurewa, muka tura shi Sakkwato. Bai yi ihu ba, tambaya kawai yake wa zai ƙarasa wa mutane niƙansu. Ina wanke jini a hannuna, ba wanda nake gani sai Baba.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Na zo gida Bodinga, na wuce injin Baba na casar shinkafa. Kaka ta yi, buhuna har bakin titi. Ga Baba a tsakiya da babbar riga, idon nan da hawan jini ya cinye sai ɗan haske-haske, yana tafiya da sanin wuri. Ya miƙa hannu ya shafi bel yana gudu, wai ya ji ko ya saki. Hannun riga na lilo a gefen ƙarfen da ke juyawa.

Na ja ƙanena Mansur gefe, shi ke kula da injin yanzu. Ya ce, "Yaya, wa ka iya hana shi? Shi yak kafa wurin ga tun ba a haife mu ba."

Ni ma ba zan iya ba. Ni ce 'yar fari. Tunda nake Baba bai taɓa kiran sunana ba, Hasiya, don kunya. "Waccan" ce ni, ko "likitarku" ranar da yake cikin raha. Magana tsakaninmu sai ta bi ta bakin wani.

Lahadi, 17 ga Nuwamba

Na aika Mansur wajen Baba da labarin mutumin Dandin Mahe. Amsa ta dawo: "Gaya ma waccan injin ga ya girme ta."

To, ya girme ni. Amma ni nake ganin abin da inji ke bari idan ya gama da mutum. Abin da baki ya kasa faɗa, ƙarfe zai faɗa. Na kira Ɗanbaba mai walda.

Asabar, 30 ga Nuwamba

An gama. Kejin raga a kan bel, sai shingen bututun ƙarfe daidai ƙugu, tun daga ƙofa ya zagaye injin, an shafe shi da fenti ruwan ɗorawa. Ga allo babba: hoton hannu da jan layi a kai, da rubutu a boko da ajami. Mun yi aikin ne lokacin da Baba yake Danchadi wajen ta'aziyya. Na san wannan ba hanyar arziki ba ce. Na yi dai.

Har hoto na ɗauka a waya, ina jin kaina.

Lahadi, 1 ga Disamba

Da ma ban je ba.

Baba ya shigo da safe kamar kullum, da saurinsa, mutane cike da wurin. Ba wanda ya yi ƙarfin halin tare shi. Ya yi karo da shingen, har hularsa ta faɗi ta gangara cikin ɓuntu. Wata mata ta yi dariya ta toshe baki.

"Wa yas sa man ƙarhe ga hanya?"

Ya lalubi bututun, ya bi shi har hannunsa ya kai ga allon. Ya tambayi Mansur mi anka rubuta. Mansur ya karanta da murya ƙasa-ƙasa: kada kowa ya ƙetare in inji na aiki.

"Had da ni?"

Mansur ya sunkuyar da kai. Sai na ji bakina ya ce, "Har da kowa, Baba."

Ban taɓa mayar masa da magana kai tsaye ba sai yau, kuma a gaban jama'a. Ya karɓi hularsa bai kakkaɓe ba, ya juya. Bai yarda kowa ya riƙe masa hannu ba.

Alhamis, 19 ga Disamba

Mansur ya ce a waya Baba bai sake taka injin ba. Yana zaure.

Asabar, 18 ga Janairu, 2025

Na durƙusa na gaishe shi, ya ce "lahiya," ya ci gaba da jan carbi. Abin da ke kashe ni ke nan: haka yake amsa mini tun ina yarinya. Sauran 'ya'ya in an yi fushi da su suna ganewa, don an daina musu hira. Ni me za a daina mini?

Daga zauren ana jin ƙugin injin. Na ga ya karkata kai yana saurare, leɓensa na motsi.

Na ce wa Mansur ko a cire shingen. Ya ce tunda aka sa shi yaran mata masu kawo casa sun daina kutsawa gindin inji, shi kam hankalinsa ya kwanta. Sai ya yi kamar zai ƙara wani abu, ya fasa. Ni ma da ya ce a cire, ba zan yarda ba. Na san halina.

Lahadi, 16 ga Fabrairu

Baba ya rame. Hannayensa biyu lafiya lau a kan gwiwa, ba abin da suke yi. Wai ni mai ceton hannu.

Lahadi, 30 ga Maris

Sallah. Na kai masa yadi da turare, na ce, "Baba, a yafe mini." Ya shafa yadin ya ce wa Mansur, "Ka ce Allah shi yi albarka." Albarkar yadi ce ko ta yafiya, oho. Na koma ɗaki na yi kuka kamar ba uwar 'ya'ya ba.

Talata, 13 ga Mayu

Baba ya rasu yau da hantsi. Zazzaɓi ne, da zafin nan. Ina Shagari ina yi wa yara rigakafi. Kafin mota ta kawo ni an riga an yi masa sutura.

Juma'a, 16 ga Mayu

Masu gaisuwa na ta cewa mutumin kirki, bai taɓa zama ba aiki ba. Kowa ya faɗa sai in ji kamar da ni yake. Ni na zaunar da shi. Watanninsa na ƙarshe a duniya, ni na mayar da su zaman zaure. In da za a koma baya zan sake sa shingen, kuma wannan ne ya fi yi mini ciwo.

Asabar, 28 ga Yuni

Ruwa ya sauka sosai, rufin injin na yoyo, Mansur ya ce tsatsa ta fara cin kejin. Na kira Ɗanbaba ya zo da fenti. Rabona da wurin tun ranar hula.

Ina shiga na fara faɗa, don na ga aikin banza. Saman bututun, tun daga ƙofa har kusa da injin, fentin ya goge tas, ƙarfen na ƙyalli. Sauran shingen kuwa ɗorawarsa na nan. Na ce wa Ɗanbaba wane irin fenti ne wannan, ko ruwa ya sirka? Ya dubi Mansur. Mansur ya kashe injin.

"Ba hwenti na ba, Yaya. Hannun Baba na."

Ban gane ba.

"Shina zuwa. Tun cikin Janairu yad dawo. In kin koma Shagari, kullum sai ya zo, ranakkun da kike gari ɗai shika zama zaure. Shi riƙa ƙarhen ga shi biyo shi hak ƙarshe, shi tsaya nan shina saurare. In bel ya saki, kunne nai ka hwaɗa muna. Bai taɓa ƙetarewa ba. Yac ce in na hwaɗa maki bai yahe ba."

Na tambaye shi wa ke kawo shi ciki. Ya ce ba kowa, iyakarsu ƙofa.

"Da mun kawo ƙohwa sai shi ce, 'Aza man hannu ga ƙarhen ɗiyata, ka tahi aikinka.'"

Na sa ya maimaita. Ɗiyata. Ya ce haka yake faɗa kullum, a gaban kowa.

Ɗanbaba ya riga ya tsoma buroshi, yana jira. Na ce ya shafe kejin, ya sabunta jan layin allon, ya bi ƙafafun shingen da kyau. Da ya zo kan bututun na ce ya bari, gefen nan ba ya tsatsa. Ya ce damina ce, Hajiya, zai yi. Na ce na ji, ya bari.

Da za ni fita na bi ta gefen shingen. Hanyar ce ta fi kusa da ƙofa, shi ya sa. Na aza hannu a kan bututun, santsi gare shi.