Kujerar Baƙuwa

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya. Ya jikin Inna? Allah ya ba ta sauƙi.

Yaya, na nemi hutu a kamfanin bas sun hana, wai direbobi sun yi ƙaranci. Saboda haka 'yata Takwara ce za ta zo a madadina, kuma ita ta roƙa da bakinta. Rabonta da gida tun tana goye, amma sunan Inna take ɗauke da shi, kuma ba ta wasa da shi. A gidan kula da tsofaffin da take aiki akwai ƙabilu iri-iri, kowa da yarensa. Duk da a garin nan ta girma, har yau "baƙuwar nan" suke ce mata. Sai ta yi dariya ta ce ai tana da gidan da ba a ce mata haka.

Yarenmu tana ji sarai, sai dai in za ta mayar harshenta na sarƙewa. Ku yi haƙuri da ita. Abu ɗaya nake roƙo: jinyar tsofaffi ce sana'arta, ta iya wanka, ta iya juya marar lafiya a gado. Ku bar ta ta taɓa kakarta.

A gaida kowa da kowa.
Ƙaninki, Auta.

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa, yarinya ta iso lafiya. Tubarkalla, fes da ita kamar ba jininka ba, kai da ka tashi da majina har haɓa.

Ba mu ba ka kunya ba. An shafe mata ɗaki da fenti, na sayo kujera mai katifa aka ajiye mata a ƙofar ɗakin Inna, don kada ta zauna a tabarma. Malamin makarantar da ke maƙwabtaka da mu yana zuwa yana yi mana tafinta, ba sai ta wahalar da bakinta ba.

Amma ka ja mata kunne. Jiya na shiga na tarar ta naɗe hannun riga za ta ɗauki fo ɗin Inna. Na ce, "Subhanallahi! Ajiye, ajiye!" Mu nawa ne a gidan nan? A ce yarinya ta keto duniya mu sa ta kwasar ƙazanta, da wane ido zan kalli maƙwabta? Idan a can haka suke yi da ita, nan gidan mutunci ne.

Jikin Inna sai addu'a. Ka huta lafiya.
Yayarka.

Baba,

Ina gaishe ka. Da yarenmu na rubuta, inda na yi kuskure ka gyara a ranka.

Baba, kowa yana min kirki, kuma kirkin nan yana sa ni kuka. In na ɗauki tsintsiya a karɓe. In na fara magana a ce a kira malam. Abincina daban a tire, su kuma suna ci tare suna dariya, in na matso sai dariyar ta tsaya.

Bayan Inna ya fara gyambo saboda kwanciya gefe ɗaya. Na gaya wa Gwaggo, ta ce to, za a yi, in je in huta. Ni da nake juya iyayen mutane kullum.

Abin da ya fi yi min ciwo, Inna tana tsokanar sauran jikokinta. Wannan ta ce masa mai kunnen jemage, waccan ta ce mata uwar ƙiwa. Ni in na shiga sai ta ja mayafi ta rufe ƙafafunta, ta ce, "Sannu da zuwa, ya mutanen ƙasarku?" Ko sau ɗaya ba ta zage ni ba, Baba.

Zan ƙara gwadawa gobe.
'Yarka.

Auta,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na san an faɗa maka a waya, amma akwai abin da bakina ya kasa faɗa. Allah ya jiƙan Inna, ya ba mu haƙuri.

Ranar da za ta cika, da hantsi, hankalinta ya dawo tas. Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya ta ce, "Wai Takwarata ba ta zo ba? Auta ya ce zai turo ta." Na ce, "Inna, ai ga ta can a ƙofa, kan kujera." Ta leƙa, ta girgiza kai. Ta ce, "Wannan ai baƙuwarku ce, yarinyar kirki. Tawa da ta zo, da tana kan gadon nan tana damuna." Maganarta ta ƙarshe ke nan.

Auta, tun ranar ba na iya barci. Ni dai karramawa na yi nufi, Allah ne shaidata. Sa'ar da aka yi, malam ba ya nan, ba wanda ya fassara mata. Don Allah kada ka gaya mata. Kujerarta na nan na lulluɓe, sai ta sake zuwa.

Yayarka.

Yaya,

Na gaishe ki, ya ƙarin haƙuri.

Ta iso lafiya, ta koma aiki. Tun da ta dawo da yaren garin nan take min magana, in na yi namu sai ta amsa da nasu. Jiya na biya ɗaukarta a wurin aiki, wata tsohuwa ta ƙwala mata kira, "Baƙuwa!" Ta amsa, kuma ba ta yi dariya ba.

Ba abin da zan ɓoye mata. Tun a wasiƙar farko na gaya miki yarenmu tana ji sarai.

Kujerar ki ba wanda kika ga dama.

Ƙaninki, Auta.